Miya ba ta san fuskar tumatir ba

Wata Talata da dare muna cikin shirin da nake gabatarwa, wanda ake buɗe layin waya kowa ya faɗi abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya, sai wani dattijo ya kira daga wani ƙauye da ke bakin Gulbin Maraɗi. Ɗan garka ne. Maganar tsadar kayan miya muke yi a daren, matan gari sai kira suke suna kuka da ƴan kasuwa. Shi da ya samu layi bai yi gardama da kowa ba. Ya ce da safiyar ranar ya kai kwando shida na tumatir kasuwa. Dillali ya zazzage su a kan buhu, ya tsince jajaye masu sulɓi, ya cika kwando huɗu, ya biya. Sauran ya ture su gefe da ƙafa. Ba ruɓewa suka yi ba, jiya aka tsinke su. Wani ya karkace, wani yana da tabon rana a kafaɗa, wani ya yi ƙanƙanta, wani kuma biyu ne suka manne. Ya zauna da su har la'asar, ya sayar da kaɗan a kan kuɗin da bai kai na amalanken da ta kawo su ba, ragowar ya bar wa awakin kasuwa. Sannan ya ce mini, "Ɗiyata, ke da kika yi karatu, ki gaya mini. Tumatirin da ya karkace, miyarsa ma karkacewa take yi?"

Na yi dariya a kan iska, na ce, "Baba, wannan tambaya sai matan gari." Na sa kiɗa, muka wuce. Washegari na tsaya a gaban wata mai kayan miya, sai na ga hannuna yana yin abin da dillalin nan ya yi. Ina ɗauka, ina juyawa, ina ajiyewa. Wannan hancinsa ya tsage, wannan bai yi ja sosai ba. Kuma duk abin da na zaɓa injin markaɗe zan kai shi kafin azahar.

Tun daga ranar maganar ta tsaya mini. Mun ɗora ido a kan kujerar alƙali a shari'ar da ba tasa ba, kuma manomi ne ke biyan tarar. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan kayan garka ban yarda ba. Ido ya san launi, ya san siffa, amma ɗanɗano da amfani ga jiki sun fi ƙarfinsa, kuma sau da yawa abin da ya ƙi shi ne mai kyan.

Ɗauki lemu. Lemun da ke nuna a ƙasa mai zafi irin tamu yakan zauna kore ko da ya nuna ya yi zaƙi, domin sanyin dare ne ke korar koren da ke jikin ɓawo, mu kuwa ba kullum muke da wannan sanyi ba. Amma ki ajiye koren lemu kusa da wanda aka shigo da shi daga ƙetare yana ƙyalli, ki ga wanda hannu zai fara kaiwa, ko da ya ninka kuɗi. Karas da ya rabu biyu kamar wando ba ciwo gare shi ba, saiwarsa ce ta ci karo da tsakuwa ko ƙasa mai tauri ta raba hanya. Ayabar da ta fara ɗigo-ɗigon baƙi ita ce ta fi zaƙi, kowane yaro ya san wannan kafin a koya masa ƙyama. Shi kansa tumatir akwai labari a kansa. Shekara da shekaru masu samar da iri a ƙasashen Turawa suna zaɓen wanda ke nuna bai ɗaya, jajir daga sama har ƙasa, babu kore a kafaɗa, don shi ne ke ɗaukar ido a kanti. A shekarar 2012 masu bincike a Amurka suka wallafa a mujallar Science cewa wannan siffa da ake nema tana rage sukarin da ke cikin tumatirin. An sayi kyau an biya da ɗanɗano. Mai koren kafaɗar nan da muke turewa gefe yana iya fin na hannunmu daɗin miya.

Kada a juya mini magana. Ban ce a ci ruɓaɓɓe ba. Tumatirin da ya yi funfuna, ko ya fashe ya kwana ƙuda na bi, ko albasar da ta yi laushi tana wari, waɗannan a zubar, kuma masu sayar wa talakawa da su da sunan araha suna cutar da su. Ruɓa daban, muni daban. Abin da ke ba ni haushi shi ne an haɗa su a kwando ɗaya da gangan, don wanda ya haɗa su ya san ribar da ke ciki.

Da na sake tayar da maganar a shirin mako na gaba, wani malamin makaranta ya kira ya ce wannan matsalar Turawa ce na ɗauko. Ya ce a nan ba a zubar da komai, abin da mai kuɗi ya ƙi talaka zai saya, abin da talaka ya ƙi akuya za ta ci. Magana ce mai daɗin ji, kuma mutane da yawa sun yarda da ita, shi ya sa zan daɗe a kanta.

Da farko, abin da ya iso kasuwa kawai malam yake gani. Bai ga wanda bai baro garka ba. Mai mota ba ya tambayar kyan abin da ke cikin kwando, kuɗin ɗauka ɗaya ne. Mai dako ma haka, harajin kasuwa ma haka. Manomin da ya san kwandon munanan ba zai mayar masa da kuɗin mota ba, me zai sa ya ɗauko shi? Can yake barinsa a bakin rijiya, ko ma ya ƙi tsinkewa. Wannan asara ba ta da tsibin shara da za a ɗauki hotonsa, shi ya sa ake cewa babu ita. Wanda duk ya taɓa zagaya garake a ƙarshen tsinka ya taka ta da ƙafarsa.

Na biyu, akuya ta ci ba ya nufin ba a yi asara ba. Tumatirin da akuya ta ci, an yi wata uku ana ba shi ruwa. An sayi mai an zuba wa injin ban ruwa, ko an ja guga da hannu tun asuba. An sa taki, an sayi iri, an yi shema, an kori tsuntsu. Tsiron bai san wane ɗa ne zai fito kyakkyawa ba, duka ya shayar da su daidai. A ƙasar da kashi mafi girma nata hamada ne, inda mata ke tafiyar awa guda neman ruwan sha, a ɗauki ruwan rani a noma abincin mutum sannan a miƙa wa akuya don siffarsa ba ta yi mana ba, a ce wai ba a zubar ba? Akuya da za a tambaye ta, harawa ta fi so.

Na uku, kuma nan ne cutar take, muni ya zama sandar da ake dukan farashi da ita. Ku je Galmi, a kan babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa, lokacin da aka cire albasa. Albasar nan da sunanta ya kai Akara da Kumasi da Abijan, wadda ake loda manyan motoci da ita ana ƙetare iyaka. Ku tsaya ku kalli yadda ake zaɓe kafin a ɗinke buhu. Wani zaɓen yana da hujja, ban musa ba: albasar da fartanya ta sara, ko mai kaurin wuya da ba ta bushe ba, ba za ta jure kwanaki a cikin mota ba, kuma za ta ruɓar da maƙwabtanta. Amma ƙanana fa? Tagwaye fa? Wadda ɓawonta na waje ya saɓule, ko launinta bai kai jan da ake so ba? Lafiyarsu ƙalau. Ana ware su, a ce wa manomi waɗannan ba kaya ba ne, a taya su a wulaƙance, shi kuma ga bashin taki a wuyansa, ba shi da rudun da zai adana ya jira, sai ya sallama. Daga baya ki tarar da irin albasar nan a kasuwar gari an kasa ta kashi-kashi, kuma ba a kyauta ake ba ki ba. Tsakanin abin da aka ba manomi da abin da kika biya, wani ya ci, kuma da kalmar "muni" ya ci. Don haka idan malam ya ce talaka na saye, gaskiya ne, amma talakan da ya noma ne aka ƙwace wa.

Ba a nan ta tsaya ba. Manomi ba wawa ba ne, ya ga abin da kasuwa ke so, zai kawo mata. Muna son kabeji, wanda mu nan muke cewa shu, ba tare da huda ko ɗaya a ganyensa ba. To tsutsa ba ta jin lallashi. Hanya mafi sauƙi ta samun ganye marar huda ita ce feshi, a ƙara feshi, wani lokaci har ana gobe za a yanka, da magungunan da ake sayarwa a bakin hanya waɗanda manomin bai iya karanta rubutun jikinsu ba. Salatin da muke ci ɗanye ma haka. Muna son mangwaro da ayaba su yi rawaya bai ɗaya tun kaka ba ta yi ba, sai wasu su tsinko ɗanye su rufe shi da kabaid, sinadarin da masu walda ke aiki da shi, ya wayi gari da launin nuna alhali cikinsa bai nuna ba. Mu da kanmu muka yi odar wannan. Ganyen da tsutsa ta ɗan taɓa muka ƙi, muka ɗauki wanda tsutsa ta ji tsoro, muka kai wa ƴaƴanmu.

Shi malam da ya ce matsalar Turawa ce, ta wani ɓangaren ya yi gaskiya, don su suka mayar da abin doka. A 1988 Tarayyar Turai ta kafa ƙa'idar kokwamba, inda aka rubuta cewa mai daraja ta ɗaya kada lanƙwasarta ta wuce milimita 10 a kowace santimita 10 ta tsawonta. Manya masu digiri suka zauna suka auna lanƙwasar kokwamba. Sai a 2009 aka soke irin waɗannan ƙa'idoji a kan kayan lambu iri 26, aka bar su a kan guda 10, ciki har da tumatir da lemu. Amma soke doka bai hana manyan kantuna riƙe nasu ma'aunin ba, kuma wannan ma'auni har Afirka ya iso. Manoman Kenya da ke noma koren wake don kantunan Ingila sun sha ganin an dawo musu da kaya don ya yi tsawo, ko ya lanƙwashe, ko bai dace da girman robar da za a zuba shi ba. A watan Fabrairun 2013, a Nairobi, hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya wa ministoci da manyan baƙi liyafa da irin wannan kaya da aka ƙi saboda siffa. Suka ci suka ƙoshi, ba wanda ya kwana asibiti.

Yanzu su sun fara jin kunya. A 2014 kantunan Intermarché na Faransa suka fito da munanan kayan lambu fili, suka ba su wurinsu, suka rage kashi 30 cikin ɗari na kuɗinsu, mutane suka saya. A 2016 Faransa ta yi dokar da ta hana manyan kantuna lalata abincin da bai ƙare ba alhali ana iya ci, ta tilasta musu ba ƙungiyoyin agaji. Tun 2011 hukumar abinci ta duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa don mutane salwanta yake yi, wajen tan biliyan 1.3 a shekara, kuma kayan lambu da ƴaƴan itace suna cikin waɗanda suka fi salwanta. Ba duka ne laifin ido ba. A wajenmu zafi na ci, rashin hanya na ci, rashin wurin ajiya na ci. To amma hanya sai gwamnati, ɗakin sanyi sai mai jari. Wannan kason kuwa a hannunmu yake, ba ya buƙatar ko dala.

Abin takaicin, rigar da suke tuɓewa ita muke rububin sawa. Kantunan zamani na Yamai sun fara jera tufa da lemu masu kai ɗaya kamar an ƙera su a maƙera, kuma saye a can ya zama alamar an waye. Wayar hannu ta ƙara wa wutar mai. Yarinya za ta yi girki, kafin a ci sai an ɗauki hoto an sa a WhatsApp, don haka karas ɗin da za a yanka a kan salati dole ya miƙe. A gidan biki uwar amarya za ta aika a sayo kayan miya ta ce a zaɓo masu kyau kada a yi mana dariya, kayan da za a markaɗe a zuba a tukunya mai cin tiya goma. Wa zai gani? Mu ma na gidajen rediyo ba mu fita ba. Ni da bakina na karanta tallar da ke cewa kaya "zaɓaɓɓu, babu tabo", na karanta da murya mai daɗi, aka biya.

Iyayenmu ba su san wannan ba. Kakata, Allah Ya jiƙanta, idan tumatir ya yi yawa a kaka, ba ta tambayar wanne ne kyakkyawa. Yanka shi take ta shanya a kan tabarma ya zama kauɗa, a zuba a tulu, a yi miya da shi har damina. Ganyen albasa da yau ake bari a gona, dakawa ake a dunƙula a busar ya zama gabu. Kuɓewar da ta ƙosa ta wuce a yi ɗanyar miya da ita, a yanka a shanya a daka. Tattasai a busar. Kabewa kuwa ban taɓa jin wanda ya nemi ta zama da siffa ba. Ƙasar da ta ga yunwar 1973 da ta 1984, ta ga wahalar 2005 da idonta, ta koyi wannan ne da tsada. Yau jikokinta sun bar tumatirin garkarsu ga awaki suna sayen na gwangwani da aka yi wa tafiyar teku, wanda ba su ga fuskar ko ɗaya daga tumatirin da aka niƙa a ciki ba. Kuna tsammanin masana'antar gwangwani kyawawa take zaɓa? Abin da muka ƙi a fili, shi muke saye a rufe, har mu ƙara kuɗi.

Kuma mu da muke yawan jawo addini a kowace magana, a nan mun yi shiru. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. An kuma koya mana cewa lomar da ta faɗi a ɗauka a share a ci. Na sha jin wa'azi a kan tsawon wando da faɗin mayafi. Ban taɓa jin huɗubar Juma'a a kan kwandon tumatirin da aka ture da ƙafa ba.

Wata mai sauraro ta aiko mini da saƙo ta ce kuɗinta ne, tana da ikon zaɓen abin da ranta ke so. Haka ne, Hajiya, ba wanda zai ƙwace miki wannan. In baƙi za ki yi wa salati, zaɓi mai kyau. Amma kashi nawa na abin da kike saye ne ake ci da siffarsa? Tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, duk turmi ko inji ne makomarsu. Ki zaɓi uku na ado, sauran ki bar mai kaya ta zuba miki yadda suka zo. Ita ma ta huta da zama da ragowar da ba mai so har magariba.

Sauran aikin na masu sayen da yawa ne. Makarantun kwana, barikoki, asibitoci, gidajen kaso, masu tuwo-tuwo da masu gidajen abinci, duk wanda ke dafa wa ɗaruruwa a rana, ba shi da hujjar neman kyan fuska. Da za su riƙa sayen daraja ta biyu kai tsaye daga ƙungiyoyin ƴan garka, a kan farashin da aka sani tun kafin tsinka, da manomi ya samu dalilin ɗauko kwandon nan daga bakin rijiya. Su ma ƙungiyoyin manoman su daina barin dillali shi kaɗai ya yanke abin da ake kira kaya da abin da ba kaya ba. Su yi zaɓensu tun a garka, su sa wa kowane kashi kuɗinsa, su kawo sikeli. Kilo ɗin ƙaramar albasa kilo ne. Kungiyoyin mata da ke neman sana'a kuma, ga kauɗa nan tana jiran wanda zai shanya ta a wuri mai tsabta, ba a bakin kwalta inda ƙura da hayaƙin mota ke sauka ba, ya ƙulla ta a leda mai kyau ya kai kanti. Mun shekara muna jin taken ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar. Ƴan Nijar sun noma, ƴan Nijar ne suka ce bai yi musu kyau ba.

Dattijon bai sake kira ba, kuma ban san sunan ƙauyensa da kyau ba balle in neme shi in ba shi amsar da na kasa ba shi a daren. Amma na koma wajen mai kayan miyan nan. Na nuna mata tasar da take turawa ƙarƙashin tebur, na ce ita nake so. Ta dube ni ta ce, "Haba Malama, ke da ake jin muryarki a rediyo?" Na ce ta zuba. Ta zuba tana waige-waige, ta sa a baƙar leda, ta ƙara wata ledar a kai don kada a gani. Na miƙa mata kuɗin da nake biya kullum na masu kyau. Ta ƙirga sau biyu, ta buɗe ledar, ta ɗauko manya guda uku jajaye daga saman tebur ta jefa mini gyara.